Daga Gindin Darbejiya

Ranar da za a zauna rubuta tarihin wayewar kai a gabashin Kano, idan marubutan suna da adalci, da allunan shaguna za su fara. Al'ummar da ba ta san inda ake aski ba, da inda ake ɗinki, da inda ake sayar da taki, ba ta kama hanyar ci gaba ba tukuna. To daga tashar Gaya har kasuwar Ajingi, tun kafin a haife ni, hannu ɗaya ne yake sanar da jama'a waɗannan muhimman al'amura. Hannun nan mun sa shi a ƙasa ranar wata Talata bayan azahar. Na Allah muke, wurinSa kuma za mu koma. Kawuna ne, yayan mahaifiyata, kuma shi ya riƙe ni tun ina ɗan shekara shida, lokacin da mahaifina ya rasu.

A tabarmar makoki na lura da wani abu. Ba wanda ya tsaya a kan "mutumin kirki ne" kamar yadda aka saba. Kowa da allonsa ya zo a baki. Wani tela ya ce almakashin da Kawu ya zana masa a ƙofar shago ya fi na hannunsa kaifi. Mai injin niƙa daga Kademi ya ce allonsa ya ga damina fiye da yadda zai iya tunawa, kwanon rumfar ya yi tsatsa an canja, rubutun yana nan. Wani direban bas ɗin Kano ya rantse sau biyu yana sauya wa motarsa inji, amma karin maganar da ke bayanta ko dusashewa ba ta yi ba. Mai askin garin Balan ya rufe fuska da hannun riga. Liman kuwa, wanda suka shekara suna musu, cewa ya yi kawai, a iya saninsa marigayin bai taɓa rasa sahun farko ba, sauran maganar kuma tana wurin Allah.

Ni ne a mazaunin ɗa, don haka ni ake miƙa wa hannu. Da yawansu in sun gama addu'a sai su ƙara da cewa ai ni na more, tunda babban aikin marigayin yana rataye a falona. Nakan ce haka ne. Na faɗi "haka ne" ɗin nan a ranar fiye da yadda na faɗi amin, kuma kowace ɗaya ƙarya ce.

Bari in fara da mutumin kafin in zo kan ƙaryar.

Kawu gajere ne, marar hanzari, kuma ban taɓa ganin farcensa da kalar farce ba. A gwangwanayen madara yake haɗa fenti, yana jera su a inuwar zaure kamar mai sayar da magani. Ba ya auna komai da magwaji. Zai tsaya ya ƙura wa katako ido har mai shago ya fara tunanin ko ya manta da abin da ya kawo shi, sannan ya ɗora buroshi, layin ya fito a miƙe. Noma yana yi kamar kowa, gero da gyaɗa a gonar gado, amma mutanen Ajingi sun yarda kunyoyinsa sun fi na kowa kyan gani, sun kuma fi na kowa ƙarancin amfani.

Magana ɗaya ce da shi, ita yake warkar da komai da ita: "A bari ya sha iska." Fenti ne asalinta, don ba abin da ya tsana kamar a taɓa aiki bai bushe ba. Amma in an kawo masa ƙarar mata da miji, a bari ya sha iska. In maƙwabci ya ci iyakar gona, a bari ya sha iska. Ranar da na faɗi jarrabawa na dawo ina kuka, haka ya ce, ya miƙo mini gwangwani in riƙe masa. Na girma ina ɗaukar maganar a matsayin lalaci. Sai da na shekara ina raba faɗan ɗalibai sannan na gane yawancin abin da ke ɓaci a duniya, taɓa shi aka yi yana ɗanye.

Musunsa da Liman a kan allunan masu aski ne. Kawu yakan zana kawuna jere, kowane da irin askinsa, don mai zuwa ya nuna wanda yake so. Liman ya same shi har gida ya tunatar da shi cewa mai zana abu mai rai za a ce ya hura masa rai ranar gobe. Kawu ya saurara har ƙarshe, ya ɗauko allon ya jingina a gaban Liman, ya ce ya duba da kyau, ya faɗi tsakaninsa da Allah ko akwai wanda ya yi kama da mai rai a cikin mutanen nan. Liman ya duba, ya kasa riƙe dariya, amma bai janye fatawarsa ba. Kawu ma bai ajiye buroshinsa ba. Haka suka ci gaba, ɗaya yana jan salla ɗaya yana bayansa.

Da zan tafi makarantar kwana, ya kwana biyu yana rubuta sunana a akwatin ƙarfe, da manyan baƙaƙe masu inuwa, irin waɗanda yake yi wa kantin magani. Manyan ɗalibai suna gani suka sa mini suna Kanti, sunan da ya bi ni har na gama. Na yi fushi da shi zango guda. A makarantar da ake sace har igiyar wando, akwatina ne kaɗai ba a taɓa ɗauka ba.

Yanzu sai ƙaryar.

Na yi karatu, na zama malamin sakandare a Gaya, na kuma nemi aure a cikin birnin Kano, gidan da suka fi mu komai. Kawu ne ya karɓar mini auren da safe. Da la'asar dangin amarya suka shirya liyafa irin ta zamani a wani fili a Gaya, don a nuna wa ƙauye yadda ake yi. An kafa rumfuna farare, an jera kujeru an ɗaure musu ƙyalle a baya. Motoci suka yi ta sauke mata cikin leshi, ankon ƙawaye ruwan hoda, na iyaye ruwan zuma, ɗaurin ɗankwali kowane yana neman ya fi na kusa da shi tsawo. Maza cikin shadda mai ƙara in an motsa. Ƙamshin turare ya kai har bakin titi. Masu hoto uku suna ta kai-kawo, mai gabatarwa yana kiran sunaye da lasifika yana haɗa wa kowa da muƙaminsa.

Kawu ya iso cikin babbar rigarsa ta Idi. Wankakkiya ce, an buga ta, amma akwai ɗigon koren fenti a bakin hannun dama, kuma yatsunsa su ne dai yatsunsa. Ya nufi layin gaba, inda aka rubuta iyayen ango. A nan surukina yake zaune da abokansa. Na tare shi tun bai ƙarasa ba. Ban ce masa kada ya zauna ba, tarbiyyar da ya ba ni ba za ta bar ni ba. Abin da na yi ya fi wannan ladabi, ya kuma fi shi muni. Na ce rumfar akwai zafi, ga hayaniyar lasifika, na ɗauki kujera da hannuna na kai masa can ƙarshen filin, gindin wata darbejiya, inda direbobi suke jira kusa da kulolin abinci.

"Kawu, nan ya fi iska," na ce.

Ya dubi rumfar, ya dube ni, ya gyara zaman hularsa. "To madalla, Malam," ya ce. "Ai iska ba ta ɓata aiki."

A nan ya zauna har aka tashi. Ban aika a kira shi hoto ba.

Bayan kamar wata guda sai ga shi a ƙofar gidana da wani faffaɗan katako, an ɗauro shi a saman bas daga Ajingi, an lulluɓe da tsohon zane. Ya ce gudunmawarsa ce ta biki, ta makara don sai da ya bari ta sha iska. Muka buɗe a zaure.

Liyafar ce. Amma mutumin da ya yi rayuwarsa yana jan miƙaƙƙen layi bai ja layi ko ɗaya ba a nan. Ɗigo ne da shafe-shafe, kala kan kala. Daga sama ganyen darbejiya ya sauko, rana tana ratsowa ta cikinsa tana zuba a ƙasa kamar an watsa tsabar masara. Daga ƙasa bayan wata mota da igiyar rumfa. A tsakiya kuma taron: ruwan hoda, ruwan zuma, fari mai ɗaukar ido, wani shuɗi can gefe, duk suna narkewa cikin juna kamar ana kallonsu ta cikin hucin rana. In ka matsa kusa ba ka ganin komai sai fenti. In ka ja baya sai ka ji kamar za ka ji ƙarar shaddar. Kuma babu fuska ko ɗaya. Inda fuska za ta zauna, shafa ɗaya ce ta ruwan ƙasa.

Amaryata ta leƙo daga bayan labule, ta duba, ta jira ya tafi, sannan ta tambaye ni ina fuskarta, ita da ta yini a wurin mai kwalliya. Ta ce mutum ya sayi leshi ya zo biki don a san ya zo, wannan kuwa ko uwar da ta haife ta ba za ta gane ta ba.

Ita tana da uzuri, ni ba ni da shi. A ɗakin karatu na kwaleji na taɓa ganin wani babban littafi mai hotunan zanen wasu Faransawa, waɗanda suka bar zana mutane suka koma zana hasken da ke sauka a kan mutane, aka yi musu dariya a zamaninsu, daga baya aka gina wa aikinsu gidaje. Ina ganin katakon Kawu na tuna da su. Na san abin da ke gabana. Amma in na rataye shi, duk baƙon da ya shigo daga Kano zai tambayi wanda ya yi, ni kuma sai in ce mai rubuta allon aski ne, shi ya rene ni. Na tura shi bayan kabad.

Abin da ya rufa mini asiri al'ada ce. Kawu suruki ne a gidana, kuma mutum ne mai kunya irin ta da. Ko sau ɗaya bai taɓa wuce zaure ba. Nan ake kai masa ruwa, nan matata take durƙusawa ta gaishe shi daga bakin ƙofa. In zai tafi sai ya tambaya, kamar abin bai dame shi ba, ko zanen yana nan a falo. In ce yana nan, Kawu, kowa ya shigo sai ya yi magana. Ya koma Ajingi ya gaya wa duk wanda ya tsaya saurare.

Wata damina iska ta yaye kwanon ajin da nake koyarwa, ruwa ya cinye allon siminti. Aka gyara rufi, allo kuwa aka ce a jira. Na jira har na gaji da rubutu a iska. Sai na tuna akwai lafiyayyen katako a bayan kabad. Na kai shi makaranta, na juya zanen ya fuskanci bango, na shafa wa bayansa baƙi, kafinta ya buga ƙusoshi. Na gaya wa kaina aro ne na zango ɗaya. Ɗaliban da suka fara karatu a kansa yanzu wasunsu suna kawo nasu 'ya'yan.

Bayan shekara biyu shugaban makaranta ya ɗauko mai fenti ya sabunta rubutun ƙofa, ya kuma bi azuzuwa ya baƙanta alluna. Ba sai na faɗi wanda aka ɗauko ba, mutum ɗaya ne a ƙasar. Ranar na zauna a ofishin malamai ina duba littattafan da na riga na duba. Da ya gama ya leƙo, yana goge hannu da tsumma, muka gaisa. Ya ce allon ajina katako ne mai kyau, irinsa ya yi wuya yanzu, in hana yara jingina da shi. Na ce to. Na bi fuskarsa da kallo ban ga komai ba.

Daga nan duk dogon hutu sai ya hau bas ya zo, ba wanda ya aike shi, ya karɓi mabuɗi wurin maigadi ya sake wa allunan baƙi. Shugaban makaranta har yabonsa ya yi a taron iyaye. Wani abu kuma da na lura da shi: bai sake tambayata ko yana nan a falo ba. Na ji daɗin hakan. Ina rubuta wannan jimlar ne don ita ce gaskiya.

Ranar sadakar uku 'yarsa ta fari ta aiko a kira ni cikin gida. Taubashiyata ce, tun muna yara ba ta kirana sai da bawanta, kuma rasuwa ba ta sa ta sauke wannan haƙƙin ba. Idonta a kumbure ta ce, "Bawana, Iya ta ce ka kawo hoton nan ranar bakwai." Iya ita ce matar Kawu. Taubashiyata ta ce sun duba gidan kaf, mutumin da ya rubuta wa gari guda alluna bai bar ko ɗaya a ɗakinsa ba, sai gwangwanaye. Iya tana so ta gan shi a gabanta kwanakin takaba, in ta fita a mayar mini da abina falo.

Ranar Asabar da safe na tafi makaranta da guduma. Ina cire ƙusoshin ina lissafin abin da zan tarar: gara, danshin bango, shekarun da ba na son ƙirgawa. Na riga na shirya ƙarya ta biyu, cewa wurin sauke shi daga falo ya lalace.

Da katakon ya rabu da bango sai na ga ba a jikin bangon yake ba. An sa 'yan siraran itatuwa huɗu a kusurwoyi sun ɗaga shi kaɗan, yadda iska za ta riƙa wucewa ta baya. Fuskar zanen an lulluɓe ta da leda mai kauri, an kama bakinta da ƙananan ƙusoshi a jere, tazararsu ɗaya kamar an auna. Ledar sabuwa ce, ba ta fi ta bara ba. A ƙasa an barbaɗa maganin gara. Na san kafintan da ya kafa mini allon, ko ƙofar gidansa ba ta rufuwa daidai. Wannan aikin Kawu ne.

Ranar bakwai na ɗauro shi a saman bas zuwa Ajingi. Na lulluɓe shi da zane, amma wajen shiga da shi soro zanen ya zame ta baya. Taubashiyata ta ga baƙin fentin, ta ga sunayen masu surutu na ranar Juma'a da ban tuna na goge ba. Ta karanta biyu daga ciki a fili.

"Bawana," ta ce, "falon naka har da mai rubuta masu surutu?"

Na ja zanen na sake rufe shi. Ta kama ɗaya gefen muka shiga da shi.

Muka jingina shi a bangon tsakar gida, inda mata suke zaune. Suka matso suna dubawa. Sai wata gwaggonmu ta ja baya kaɗan, ta nuna wani shuɗi a gefe ta ce wannan ita ce, ga yadda take dafe ƙugu in ta gaji da tsayuwa. Mahaifiyata ta gano kanta ta wajen mayafin da ke zamewa daga kafaɗa ɗaya. Matata, wadda ta zo gaisuwa, ta daɗe tana kallo, sannan ta nuna wani dogon ɗauri ruwan zuma da ya karkata hagu, ta ce mahaifiyarta ce, Allah Ya jiƙanta, duk hotunan bikin babu wanda ya kamo ta haka. Ta sami kanta ma, wani farin haske mai sunkuyar da kai. Gidan makoki ya koma ana nuni ana dariya ana share hawaye.

A nan malantata ta motsa. Mai laifi in ya ga ƙofa ba ya tambayar ina ta nufa. Na gyara murya na fara bayani. Na ce rashin fuskokin nan tsoron Allah ne, wa'azin Liman ne ya kama shi daga baya. Taubashiyata ta ce wane wa'azi, bayan bikina ai ya zana wa mai askin Balan kawuna shida har da gashin baki. Sai na koma kan Faransawa. Na ce Kawu, da bai taɓa wuce Kano ba, shi kaɗai da gwangwanayen madara ya gano abin da manyan masu zane na duniya suka gano, cewa ido haske yake gani kafin ya ga mutum, kuma da gangan ya bar fuska don ya kama abin da ya fi fuska daɗewa. Na yi magana mai kyau, na sani, don har wata tsohuwa ta ce ikon Allah. Aka ɗaga hannu aka roƙa masa gafara, Allah Ya yalwata masa makwanci, Ya sa haske a kabarinsa kamar yadda ya sa a katakon nan. Na shafa tare da kowa, kuma har yanzu ita ce addu'ata gare shi.

Iya tana kan tabarmarta a ƙofar ɗaki, carbi a hannu. Sai da na durƙusa zan yi mata sallama ta ɗago.

"Ɗan nan, ka gama?"

Na ce na gama, Iya.

"Ni ma na tambaye shi, lokacin da yake yi a zaure. Na ce Malam, ina fuskokin mutanen?" Ta ja carbi ɗaya. "Ya ce daga inda aka ajiye shi, iyakar abin da ake gani ke nan."